Duk Mai Yawon Dare Ɓarawo Ne? Fashin Baƙi Kan Kuskuren Juya Zancen "Idan" da Sunayensa

Idan gaskiya ne ɓarawo yana yawon dare, shin duk wanda aka gamu da shi cikin dare ya zama ɓarawo? Ka yi wa kowa wannan tambaya yana zaune cikin natsuwa a majalisa, zai ce maka a'a tun ba ka rufe baki ba. Balle mu mazauna Legas da rabin sana'o'inmu na dare ne: mai shayi, mai tsire, maigadi, da 'yan dakon da ke sauke tumatir a Mile 12 tun kafin kiran assalatu. Amma mutumin nan da ya ce a'a, in gobe ya ji ihun "ɓarawo" ya hangi wani yaro yana gudu, da wuya ya tuna amsar da ya bayar jiya.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne muhawarar da ke tashi duk lokacin da bidiyon tirela cike da matasan Arewa ya zagaya a WhatsApp da Facebook. Wasu su ce ai haka miyagu ke shigowa gari, cikin motar kaya, cikin dare, su da yawa. Mu kuma mu mayar da martani da fushi da rantsuwa. Fushin yana da dalili, sai dai ba ya nuna wa kowa inda hujjar ta karye. Alhali karayar a fili take, tana da suna tun fiye da shekara dubu biyu, kuma ita ce dai ke cinye wa 'yan kasuwarmu jari, take sa mu sha maganin cutar da ba mu da ita.

Yadda zancen "idan" yake a gine

Duk zancen da ya fara da "idan" ɓari biyu gare shi. Malaman manɗiƙi, wato ilmin auna hujja, suna kiran na farko muƙaddam, wato na gaba, na biyu kuma tali, wato mabiyi. "Idan an yi ruwan sama, titi zai jiƙe." Ruwan sama shi ne na gaba, jiƙewar titi ita ce mabiyi.

Wanda ya yarda da wannan zance yana da hanyoyi biyu da zai bi bai faɗi ba. In ya tabbatar an yi ruwa, yana iya cewa titi ya jiƙe ko bai leƙa ba. In kuma ya fito ya tarar da titi a bushe ƙayau, yana iya cewa ba a yi ruwa ba. A makarantun Turai ana kiran ta farko modus ponens, ta biyu modus tollens, duka da Latinanci.

Sauran hanyoyi biyun su ne rami. Mutum ya ga titi a jiƙe ya ce lallai an yi ruwa. Wanda ya zauna a Agiliti ko Isheri, ko yake harkar shanu a Kara, ya san wannan ba dole ba ne. Akan wayi gari ruwa ya shiga ɗakuna rana na ƙwallewa, saboda an saki ruwan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta ya biyo kogin Ogun. Bututu yakan fashe, kwata takan toshe ta yi ambaliya. Zancen farko ya yi alkawari ne kawai cewa ruwan sama yana jiƙa titi. Bai taɓa cewa shi kaɗai ke jiƙa shi ba. Ɗaya ramin kuma ɗan'uwan wannan ne: mutum ya ce tunda ba a yi ruwa ba, titi a bushe yake. Direban da ya ce "idan an yi ruwa akwai gosulo a hanyar Apapa, yau ba a yi ba, don haka hanya a buɗe take" zai kwana a bayan tankokin mai yana mamaki.

Na farkon, wato kama mabiyi a ce an kama na gaba, shi ya fi yawa kuma shi ya fi ɓarna, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Sunayen da aka raɗa masa

Wanda ya fara rubuta shi a jerin kurakuran hujja, gwargwadon abin da ya iso mana, shi ne Aristotal na Girka, wanda Larabawa ke kira Arisɗo, ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A littafinsa kan hujjojin yaudara ya lissafa kurakurai 13, ya kira wannan "kuskuren mabiyi", ya ce tushensa shi ne mutane suna zaton alaƙar tana juyuwa. Misalansa kamar a Agege ya tsinto su: ƙasa ta jiƙe a ce an yi ruwa, jikin mutum ya yi zafi a ce zazzaɓi ne, a ga mutum yana caɓa ado ko yana yawon dare a ce mazinaci ne. Masu Latinanci suka fassara sunan da fallacia consequentis. Ɗalibin da ya haɗu da shi a jami'a yau zai ji ana ce masa affirming the consequent, ma'ana tabbatar da mabiyi, ko converse error, ma'ana kuskuren juyi. Ɗan'uwansa kuma denying the antecedent, kore na gaba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda yaranmu ke ɗaukar wannan a matsayin kayan boko zalla, alhali yana cikin zaurukanmu. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da kusan kowannenmu ya fara koyon tsarki da salla a cikinsa, yana da waƙen manɗiƙi mai suna Sullam, wanda ya tsara a shekara ta 941 bayan Hijira yana ɗan shekara 21. A babin da ake kira ƙiyasul istisna'i ya kafa ƙa'idar nan daidai: tabbatar da na gaba yana haifar da mabiyi, kore mabiyi yana kore na gaba, amma akasinsu ba ya lizimtar komai. Malaman fannin suna kiran kuskuren ihamul aksi, wato ruɗin da ke sa mutum ya ɗauka zance yana juyuwa. Kafin al-Akhdari ma, Shehu Magili da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya yi wa Imam Suyuɗi raddi a waƙe yana kare karatun manɗiƙi. Ke nan ilmin ya taka ƙasar Hausa fiye da shekara 500.

Malaman usulul fiƙhi suna da nasu harshen, kuma a ganina shi ya fi saurin shiga kan Bahaushe. Sun ce sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke kawo rashi, amma samuwarsa ba ta lizimta samuwa. Imam Gazali ya kawo misalin da ya wadatar: idan sallar nan ta inganta, to mai yin ta yana da tsarki. Ka tabbatar ba shi da alwala, ka san sallar ba ta yi ba. Ka tabbatar yana da alwala, ba ka san komai ba tukuna, don yana iya kallon wani wajen da ba alƙibla ba, yana iya yin ta kafin lokaci. Ba almajirin da zai ce duk mai alwala sallarsa ta inganta. A lissafin zamani wannan ne ake kira rikita abin da ya zama dole da abin da ya wadatar. Hausa kuwa ta daɗe da dunƙule shi cikin karin magana: kama da wane ba ta wane.

Rigar Annabi Yusuf da alat ɗin ƙarya

Wani kawuna dillalin albasa ne a Mile 12. Wata rana da yamma wani mutum cikin shiga mai kyau ya yi cinikin buhu goma, ya ce zai yi taransifa. Wayar Kawu ta yi ƙara, saƙo ya shigo da sunan banki da adadin kuɗi daidai. Aka loda kaya, mota ta tashi. Washegari da ya je cirar kuɗin da zai aika wa mai kayan a Arewa, ya tarar asusu yadda ya bar shi. Da na je yi masa jaje, abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Ɗana, ai na ga alat da idona." Na ce, "Kawu, ka gani, ba wanda ya musa. Amma alat ka gani, ba kuɗi ba."

Lissafin da ya yi a zuciyarsa shi ne: idan kuɗi sun shiga, alat zai zo, alat ya zo, saboda haka kuɗi sun shiga. Ɗan damfara ya san wannan lissafi sarai, a kansa ma yake cin abinci. Ba ya iya ƙirƙirar kuɗi, amma yana iya ƙirƙirar alamarsu da saƙon da bai fi 'yan nairori ba.

Dabarar tsohuwa ce. 'Yan'uwan Annabi Yusuf (AS) sun zo wa mahaifinsu da rigarsa da jinin ƙarya a jiki, kamar yadda ya zo a aya ta 18 ta Suratu Yusuf. Suna so ya yi lissafin Kawu: idan kerkeci ya cinye shi za a ga jini a riga, ga jini, shi ke nan. Annabi Yaƙub (AS) bai karɓa ba. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa ya duba rigar ya ga ba ta yage ko'ina ba. Ka lura da hanyar da ya bi: da kerkeci ya ci shi da rigar ta yage, ba ta yage ba, don haka bai ci shi ba. Ya ƙi hanyar da ke rami, ya bi wadda ke ɓullewa. Jinin da ke nan ana iya kawo shi daga ɗan akuya. Yagar da babu ita ce ta tona asiri.

Me ya sa kai yake saurin faɗawa

A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Peter Wason, ya fito da wani gwaji. Kati huɗu ne a kan tebur, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar. Ana ganin A, K, 4, 7. Aka ce doka ita ce: idan kati yana da wasali, to lambar bayansa mai rabuwa biyu daidai ce. Waɗanne katuna ne dole a juya don a san ko an karya dokar? Yawancin mutane suna ɗaukar A kaɗai, ko A da 4. Amsar ita ce A da 7, kuma waɗanda ke samun ta ba su cika wuce ɗaya cikin goma ba, har a cikin ɗaliban jami'a. Hannu yana kai wa 4 ne saboda ruɗin juyin nan. Ko me ke bayan 4, dokar ba ta karye ba, don ba ta ce wasali kaɗai ke da irin wannan lamba ba.

Daga baya masu bincike suka gano cewa in aka mayar da tambayar ta kama mai karya doka, yawancin mutane suna ci. A ce duk wanda ke kan babur sai da hular kwano. Kowane ɗan acaɓa ya san wa za a duba: wanda ke kan babur, da wanda kansa ke buɗe. Mai tafiya a ƙasa da hular kwano a kai ba ruwan kowa da shi. Ashe ƙwaƙwalwar ta iya, sai dai takan iya ne a inda ta saba.

Akwai kuma laifin yadda muke magana. In na ce wa ɗan dako "idan ka sauke buhunan nan zan ba ka dubu biyu", ni da shi mun fahimci cewa in bai sauke ba babu ko sisi. A irin wannan wuri "idan" tana aiki gaba da baya, kuma daidai ne. Manɗiƙi ma ya yarda akwai inda na gaba da mabiyi suke daidai wa daida, kamar fitowar rana da samuwar yini. Malaman usulu sun yi dogon saɓani a kan makamancin wannan a babin mafhumul mukhalafa, wato fahimtar cewa in an ɗaura hukunci a kan sharaɗi, rashin sharaɗin yana nuna akasin hukuncin: Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa suna kafa hujja da shi bisa sharuɗɗa, Hanafawa ba su yarda da shi a nassosin shari'a ba. Matsalar tana zuwa ne in muka ɗauki "idan" ta ciniki, mai juyuwa, muka ɗora a kan al'amuran da sababinsu ya fi ɗaya.

"To ai likita ma da alama yake aiki"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu kare irin wannan tunani ke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Makanike yana jin ƙarar inji ya ce ga abin da ya lalace. Mai kiwo yana ganin sawu ya ce ga abin da ya wuce. Mun ce ruwa ba ya tsami banza. In an hana mutum tafiya daga alama zuwa sababi, an hana shi rayuwa.

Gaskiya ne. Abin da nake ja a kai shi ne matsayin da ake ba sakamakon. Alama tana ba ka zato mai ƙarfi ko mai rauni, zaton kuma yana gaya maka inda za ka bincika. Makanike na ƙwarai in ya yi zato sai ya buɗe ya duba kafin ya sa ka sayi kaya. Ƙarfin zaton kuwa ya danganta da abu biyu: abubuwa nawa ne ke iya kawo wannan alama, kuma wanne ya fi yawa a inda kake tsaye.

Zazzaɓi ya isa misali. Mun taso a inda in jikin yaro ya yi zafi a damina, cewa maleriya ce yakan yi daidai sau da yawa. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna kusan 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, a Legas kuwa kusan 3 ne cikin 100. Alamar ɗaya ce, zafin jiki, amma nauyinta a Idi-Araba ba shi ne nauyinta a Argungu ba. Duk da haka muna zuwa kemis mu ce a haɗa mana na maleriya da taifot, ba gwaji, alhali tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Kuɗi sun tafi, ainihin ciwon kuma yana nan yana cin jiki, ko na huhu ne ko na mafitsara.

Mazauna Obalende ba za su manta Yulin 2014 ba, lokacin da wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya da zazzaɓi aka fara yi masa maganin maleriya a wani asibiti da ke unguwar. Dakta Stella Adadevoh ce ta tsaya a kan cewa akwai wani abin da ke iya kawo wannan alama, ta sa aka gwada shi, ta hana a sallame shi. Ebola ce. Ita kanta cutar ta kashe ta a watan Agusta, amma mutum 20 kacal suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, duk da cewa ta ɓulla ne a garin da ke da mutane sama da miliyan goma sha biyar.

Inda yake cin rai

Asarar albasa ana mayar da ita. Matsalar tana muni in alamar a jikin mutum take. Kukan da matasa suka fito da shi a zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 yana da wannan a cikinsa: 'yan damfarar intanet suna riƙe waya mai tsada da kwamfuta, an gan ka da su, don haka kai ɗan damfara ne. A ƙarshen Agustan 2019 jami'an jihar Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48. Aka tsare su, aka bincike su, ba a same su da wani abin laifi ba, aka sake su. Masu neman abinci ne da acaɓa. A nan aƙalla an bincika kafin a yanke.

A Uromi ta jihar Edo, ƙarshen Maris na 2025, ba a yi hakan ba. Mafarauta ne 'yan Kano suka taso daga jihar Ribas za su gida yin Sallah. 'Yan sintiri suka tare motar suka ga bindigogin gargajiya. Yankin yana fama da masu garkuwa da mutane, tsoron da ke zukatan jama'a na gaske ne. Amma lissafin da aka yi shi ne na titin da ya jiƙe: masu garkuwa suna da bindiga, waɗannan suna da bindiga. Aka kashe mutum 16. Maharbi ma yana da bindiga, kuma tambaya ɗaya cikin natsuwa da ta fito da wannan.

Ba zan ɓoye ba, mu ma muna yi. Muna yi wa baƙon da ya shigo unguwa da suma a tsefe ko zane a jiki. Muna yi wa matar da ta dawo gida da dare mu ɓata mata suna, ba mu tambaya ko daga aikin asibiti take ba. Muna yi wa ɗan'uwan da ya yi kuɗi cikin shekara biyu mu ce ya shiga ƙungiyar asiri. Kuma na taɓa ganin an taru a kan wani yaro a bakin kasuwa don kawai ya ruga lokacin da aka yi ihun an sace waya. Ɓarawo yana gudu, haka ne. Mai tsoron duka ma yana gudu, kuma a Legas duk yaron da ya san abin da taya da fetur ke nufi zai ruga ko bai taɓa komai ba. Allah Ya sa wani dattijo ya tsaya a kansa ya ce a laluba aljihunsa tukuna. Ba a sami waya ba.

Ga wanda aka kama ɗan'uwansa, fahimtar wannan tana da amfani na zahiri. Rantsuwa cewa yaron kirki ne ba ta taɓa hujjar mai zargi, don shi alama yake riƙe da ita. Abin da ke karya ta shi ne a kawo ɗaya sababin a ajiye a kan tebur: rasiɗin babur, katin ƙungiyar sana'a, lambar NIN, sunan maigidan da ya kira shi aiki, da wakilin Sarkin Hausawan unguwa da zai tsaya ya ce ya san shi. Sannan a yi tambayar Annabi Yaƙub: in da gaske mai laifi ne, me ya kamata a samu tare da shi, kuma an samu? Shugabannin kasuwanni da na tashoshin mota a Agege da Alaba Rago da Mile 12 suna iya sa duk motar da za ta ɗauko mutane daga gida ta taho da jerin sunayensu da lambar wanda zai karɓe su, tun kafin a kai shingen farko.